Gidan gadonmu na Fagge ya yi kuɗi, ni kuma Nasarawa nake hange

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gida a Fagge, bayan Kantin Kwari. Mu bakwai ne, maza uku, mata huɗu, sai mahaifiyarmu. Gidajen da ke damanmu da hagunmu duk an sayar, an rushe, an yi filaza da sito. Yanzu wani ɗan kasuwa ya taya namu naira miliyan 160, dillali kullum yana zarya. 'Yan'uwana maza suna so a sallama. Ni ma ina so, don na daɗe ina burin komawa Nasarawa GRA da iyalina, ko haya ce in kama, ragowar kuɗin in ƙara a jari. Maiɗakina ma ta ƙagu. Matsalar ita ce Hajiya ta ce ba inda za ta, a gidan aka kawo ta amarya, a nan za a ɗauki gawarta. Akwai kuma ƙanwarmu da aurenta ya mutu, tana gidan da 'ya'ya uku. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Me zan yi? Daga babban wa, Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Ɗauko biro da takarda tukuna, don na lura miliyan 160 ɗin nan ita ce take yawo a kan kowa a gidan, alhali ba wanda zai riƙe ta a hannunsa. Idan babu bashi a kan mamaci, babu wasiyya, kuma magadan su ne waɗanda ka lissafa, Hajiya tana da tumunin takaba, miliyan 20. Saura 140, a kasa gida goma: kowane namiji 28, kowace mace 14. Ba a cire la'ada ba ke nan, ba a cire kuɗin lauya da na takardu ba. To abin da ke gabanka miliyan 28 ne, abin da ke gaban ƙanwarka mai 'ya'ya uku kuma 14. Da waɗannan za ku yi shawara. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kansu na ɗora shi.

'Yan'uwanka ba su yi ƙarya ba idan suka ce unguwar ta tashi daga unguwa. Fagge dama tun asali zangon baƙi ce a wajen ganuwa, inda ayarin Buzaye da fataken hamada suke sauke raƙuma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka zauna a Fagge ta Kudu, kanti a gaba, iyali a baya ko a sama. Daga nan Kantin Kwari ta tsiro. Kasuwa ta shekara sama da ɗari tana cin gidaje a wannan yankin, ga Kwari, ga Singa, ga 'yan canji a Wapa, ga Ƙofar Wambai a can gefe. Abin da ya sauya a shekarun nan shi ne saurin cin.

Kai ka fi ni sanin yadda lungunku yake da hantsi. 'Yan dako suna tafe da dila a ka suna "hanya, hanya", mai kurkura ya toshe bakin layi yana sauke atamfa, yaro zai tafi makaranta sai ya raɓe da bango. Zauren da dattawa suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar an sa masa ƙofar ƙarfe ya koma sito. Masallacin layi da azahar ba masaka tsinke, sahu har titi, amma da asuba ka ƙirga mutanen da ke bayan liman, don masu cika shi da rana a wasu unguwannin suke kwana. Abin da ya fi ci wa mata tuwo a ƙwarya kuwa shi ne bene mai hawa uku da ya tsaya a jikin katanga: ya tare iska, ya tare hasken safe, tagoginsa suna kallon tsakar gida inda ake wanki da girki. Matar da ta shekara arba'in tana yawo a gidanta da ɗaurin ƙirji yanzu sai ta sa hijabi za ta ɗebo ruwa. Ga tsoron gobara a tsakiyar kayan yadi, ga ruwa. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kwari ta lalata dukiya mai yawa, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa.

Yadda abin yake tafiya ba wani sirri ba ne. Mai tayin nan ba ɗakuna yake ƙirgawa ba, shaguna yake ƙirgawa: nawa za su fita a ƙasa, sito nawa a sama, kowanne nawa a shekara. A gefen Kwari hayar shago ɗaya mai kyau tana iya fin abin da gidan gaba ɗaya zai kawo idan mutane aka zuba a ciki. Don haka duk gidan da aka sayar yana ɗaga kuɗin na kusa da shi, yana kuma ƙara wa waɗanda suka rage wahalar zama. Mai ƙosai ta tashi, malamin makarantar allo ya tashi, maƙociyar da ake bar wa yara ta tashi, sai wanda ya rage ya ga ba abin da yake tsarewa. Haka layi yake ƙarewa, gida bayan gida, ba tare da an kori kowa ba. Unguwar da Hajiya take riƙe da ita tana barinta a zaune, kuma wannan abin baƙin ciki ne na gaske. Kada wani a cikinku ya kira shi rigimar tsufa.

Sai maganar Nasarawa, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka.

Sunan GRA an yi shi ne a wani zamani. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka zauna a Bompai da Nasarawa, suka yanka manyan filaye, gida ɗaya a tsakiyar fili, darbejiya da maɗaci sun yi masa rumfa, mutane kaɗan, titi shiru. Bayan su manyan ma'aikata da attajirai suka gaji tsarin. Wannan hoton ne a zuciyarka, kuma shi ne a zuciyar yawancin mutanen Kano. Amma ka ɗauki mota ka zaga Sultan Road, Alu Avenue, Lamido Crescent, Ahmadu Bello Way, ka duba da idon mai neman wurin zama. Filin da yake ɗauke da gida ɗaya an yanka shi huɗu ko shida, an sare itatuwa, an cika shi da bulo. Gidaje da yawa sun koma makarantun kuɗi, asibitoci, ofisoshi, gidajen abinci da wuraren biki. Da ƙarfe biyu na rana layin motocin masu ɗaukar yara ya rufe titi, da daddare kiɗan dina yana tashi har sha ɗaya, janareton maƙoci yana rugugi a jikin tagar ɗakin kwana. Ruwa, kowa da rijiyar burtsatsensa, wanda tasa ta ƙafe ya sayi tanka. Wuta, inda aka sa a rukunin Band A, na masu samun wuta mafi yawa, ana samu, amma tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya ya haura naira 200.

Ban ce ba ta da abin so ba. Akwai layukan da har yau suke da sanyi da natsuwa, tituna suna da faɗi, tsaro ya fi na wurare da yawa saboda kusanci da Gidan Gwamnati. Wanda yake da ninkin kuɗinka goma, ya sayi nasa, ban da ta cewa. Amma miliyan 28 ba ta sayen fili a can, kai ma ka sani, shi ya sa ka ce haya. Kuma hayar da za ka iya ba irin gidan da ke zuciyarka ba ce, filat ne a cikin filin da aka yayyanka, ko sashen baya na wani gida. Za ka biya shekara a dunƙule, wani mai gidan ma biyu zai ce, ga kuɗin ejan, ga na lauya. Sannan unguwa tana zuwa da nata kashe-kashen da ba a rubuta a takardar haya: makarantar da yaran maƙota suke zuwa, man janareto, albashin maigadi, cefanen da ba a samunsa a bakin layi sai an tada mota. A hankali jarin da ka ce za ka ƙara shi ne zai riƙa biyan haya.

Ga abin da nake so ka riƙe. Abin da yake tashin ku daga Fagge shi ne yake cin Nasarawa, kaya kawai ya sauya. A nan ɗan kasuwa ne mai neman sito, a can mai makaranta ne ko mai asibiti ko mai gina rukunin gidaje. Ranar da irin dillalin da ke zarya a ƙofarku ya je wa mai gidan da kake haya da tayin da ya ninka abin da kake biya, zai yi lissafin da 'yan'uwanka suke yi yau. Bambancin shi ne a Fagge kai ne mai gida, idan unguwa ta yi kuɗi kai ake biya. A can idan ta yi kuɗi, takardar tashi za a miƙo maka. Kada ka sayar da mallaka ka sayi sunan unguwa. A kan wannan ba ni da sassauci.

Sai ka ce, to a sayar ko kada a sayar? Ra'ayina shi ne gidan zai bar hannunku a matsayin gidan zama ko ba jima ko ba daɗe, aikinka shi ne ya bar shi yadda ba wanda zai kwana a titi. Kuma ba ku ne masu gaggawa ba. Gidan da ya rage tsakanin filaza biyu, mai ɗaya daga cikinsu yana buƙatarsa fiye da yadda kuke buƙatar kuɗinsa, don da shi zai haɗe gininsa ko ya samu ƙofa ta biyu. Dillali la'adarsa yake nema, ba laifi ba ne, amma ba mashawarcinku ba ne. Ku nemi tayi na biyu da na uku, ku biya ƙwararren mai kimanta gidaje ya faɗa muku darajarsa a rubuce. Kada kowa a cikinku ya karɓi kafin alƙalami, komai ƙanƙantarsa, kafin duk magada su amince. Rigingimun gado da yawa daga nan suke farawa: ɗaya ya karɓa a ɓoye, ya kashe, sai ya koma shi ne mai matsa wa sauran lamba. Sai dai kada jan rai ya sa ku ɗauka kasuwa ba ta tashi. A farkon 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Ɗangwauro, masu shagunan da suka bari sun ji a jikinsu. Ku ja lokaci na watanni da dalili, kada ya zama na shekaru ba dalili.

Kuma kada ku tashi sai kun ga wurin sauka. Ka tuna abin da ya faru bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Duk wanda ya sayar da gida gab da wannan lokacin, ya ajiye kuɗin a banki yana cewa zai nema a hankali, ya dawo ya tarar kuɗinsa ba sa sayen irin abin da ya sayar. Kuɗin gado kuma ba sa zama. Da an ji sun shigo, masu biki, masu rance da masu "harka mai riba" za su yi sallama. Saboda haka gidan da za a koma a nemo shi, a yi cinikinsa, a duba takardunsa, a sa ranar biya ta zo daidai da ranar karɓar kuɗi. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba za ku miƙa mukulli ba sai bayan wata kaza.

Gida na farko da za a nema na Hajiya ne da ƙanwarka, naka yana baya. Miliyan 14 da 'ya'ya uku, idan aka damƙa mata aka ce Allah Ya sa albarka, haya za ta kama, ta riƙa cin uwar kuɗi har su ƙare. Idan aka haɗa nata da na Hajiya an samu 34, ku maza ku ɗora abin da ya sawwaƙa, a nemi madaidaicin gida a inda ba nisa: Kurna, Gwammaja, Rijiyar Lemo, Ƙofar Ruwa, duk inda a-daidaita-sahu ɗaya zai kawo ta ta'aziyya ko suna a Fagge ta koma kafin magariba. A rubuta sunayensu a takarda, kowacce da kasonta, don kada gobe gidan ya sake zama abin rabo ƙanwar ta rasa tudun dafawa. Sauran ƙannenka mata uku kuwa, ka ji amincewarsu daga bakinsu. Saƙon da miji ya kawo bai isa ba, kuma kada a kewaye su da kunya har su ce sun yafe abin da ba su yafe ba.

Akwai wata hanyar da nake so ku tattauna kafin ku yanke, don na fi karkata gare ta idan za ta yiwu: ku sayar, amma kada ku fita daga wurin gaba ɗaya. Ku ce wa mai saye ya rage kuɗi ya bar muku shago biyu ko uku a ƙasan ginin da zai yi, da sunan magada, a rubuce. Hayarsu za ta riƙa tashi tare da kasuwar, ta riƙe Hajiya da ƙanwarka da 'ya'yanta. Wasu kuma suna ba ɗan kasuwa wuri ya gina, ya ci moriya shekaru kaza, gini ya dawo hannun masu fili. Wannan tana da riba, tana kuma da haɗari. Idan za ku bi ta, lauyanku ne zai rubuta, ba nasa ba. A fayyace shekaru, da irin ginin, da abin da zai faru idan ya tsaya a rabi, kuma asalin takardun gida kada su bar hannunku. A tabbatar an samu izinin mayar da wurin na kasuwanci da amincewar hukumar tsara birni, KNUPDA. Mutanen Kano ba su manta rusau na Yunin 2023 ba, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sauya mallakar fili mai takardar gwamnati kuma sai da amincewarsa. Gidajen tsofaffin unguwanni da yawa ba su da komai sai takardar ciniki da shaidar mai unguwa, to ka fara duba abin da ke cikin akwatin mahaifinku.

Idan 'yan'uwanka suka ƙi jira, ka san inda shari'a ta tsaya. Kowane magaji yana da haƙƙin a ba shi rabonsa, kuma a mazhabar Malikiyya idan gida ba zai rabu ba sai da cutarwa, alƙali yana iya sa a sayar a raba kuɗin. Wato Hajiya ba za ta iya hana su har abada ba, kai ma haka. Amma akwai shufu'a: idan ɗaya ya sayar wa bare da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin karɓa a kan wannan kuɗin. Ku je wurin malami masanin gado tare, ku bakwai, ya karanta muku a zaune ɗaya kowa ya ji da kunnensa. Ya fi a haɗu a gaban alƙali, inda za a raba gida a raba zumunci.

Hajiya kuwa, kada ka je mata da lissafi. Shekara ɗaya ce da rasuwar mijinta, kowane lungu na gidan nan shi take gani. Abin da take tsoro ba sabon ɗaki ba ne, tsoronta a kai ta inda ba wanda ya san ta, inda za ta yi rashin lafiya ba mai leƙowa. Ka nemi wanda take jin maganarsa, yayanta ko ƙaninta ko aminiyarta. Ka bincika inda tsofaffin maƙotanta suka koma, sau da yawa mutanen layi ɗaya sukan taru a wuri ɗaya, ka kai ta ziyara can ba tare da ka ambaci tashi ba. Idan ta ce a ba ta lokaci, a ba ta, ka roƙi ƙannenka su yi mata wannan. Idan ɗayansu yana cikin matsi na gaske, ku duba ko za a iya sayen kasonsa a cikin gida.

Kai kuma, da abin da ya rage maka, nemi naka na kanka a inda gari yake tafiya. Rijiyar Zaki da Ɗanbare gonaki ne a da, sabuwar jami'ar Bayero da titin Gwarzo suka ja mutane, waɗanda suka sayi fuloti da wuri su ne yau ake bi da tayi. Haka wajen Mariri, Na'ibawa da Zawaciki. Ka fifita awon gwamnati a kan awon igiya, ka kai lambar fili hukumar bayanan filaye ta jiha, KANGIS, a duba maka kafin ka biya. Ka je wurin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama ka ga inda yake kwanciya, ka koma da daddare, ka tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da kura kuma daga ina suke ɗebowa. Maiɗakinka tana da gaskiya da take son iska da sirri da wurin da yara za su yi wasa. Ka zaunar da ita, ka nuna mata takardar lissafin nan, ku rubuta abin da hayar Nasarawa za ta ci a shekara biyar, sannan ku je ganin filayen tare, ta zaɓi wanda za a yi ciniki.